Wanda ya ɗora gidansa a kan taya

A yammacin jihar Arizona ta Amurka akwai wani ɗan gari a tsakiyar hamada mai suna Quartzsite. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba. Amma da sanyi ya kama, musamman a watan Janairu, sai filin da ke kewaye da shi ya cika maƙil, iya ganinka, da motoci masu ɗakin kwana da madafa da ban ɗaki a cikinsu. Wasu hutun 'yan makonni suka zo yi su koma gidajensu. Wasu kuwa ba su da inda za su koma, motar ita ce gidan, rani da damina. A kan waɗannan na biyu nake son yin magana. Amurkawa na kiran irin wannan mota RV, mu kuma za mu ce mata motar tafi-da-gidanka, ko babba ce mai girman bas, ko tirela ce da a-kori-kura ke ja, ko ƙaramar bas ce da aka cire wa kujeru aka sa gado.

Mai zama a gidan da aka gina a ƙasa a can yana da ma'aikata da yawa waɗanda bai taɓa gani ba. Akwai mai turo masa ruwa, akwai mai ba shi wuta, akwai mai tafiya da ƙazantarsa ta ƙarƙashin ƙasa, ga kuma lambar ƙofa da ke shaida wa hukuma da banki cewa ga inda yake. Ranar da ya kulle gidan ya koma mota, duk waɗannan ayyuka sun dawo kansa. Kowannensu kuma yana da iyaka da ake aunawa da lita ko kilo ko kwanaki. A ganina, wanda ya yarda da wannan lissafi tun kafin ya sayi motar shi ne ke daɗewa a hanya.

Ruwa shi ke yanke yawan kwanakin da mutum zai yi a wuri ɗaya. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. Ba'amurke ɗaya a gidansa yana kashe wajen lita 300 a rana. Tankin matsakaiciyar tirela kuwa bai fi lita 150 zuwa 200 ba gaba ɗayansa. Kan shawa na gida yana zubo sama da lita 9 a minti guda, wato wankan minti goma irin na gida zai tafi da rabin tankin. Shi ya sa mazauna mota ke koyon wanka irin na ma'aikatan jirgin ruwa: a jiƙa jiki, a kashe famfo, a shafa sabulu, a buɗe a ɗauraye. Ana goge kwano da takarda kafin a wanke shi. Idan mutum biyu suka matse hannu kowa ya tsaya a lita 15 a rana, tankin lita 150 zai kai su kwana biyar. Sau da yawa ma ba ƙarewar ruwa mai tsabta ke tayar da su ba, tankin ruwan wanka ne ke fara cika, ruwa ya dawo ta magudanar ban ɗaki ya taru a ƙarƙashin ƙafa.

Tankin bayan gida shi ne abin da masu talla ba sa son a daɗe a kansa, alhali shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Sabon shiga in ya samu wurin ajiye mota mai rami na kwashe ƙazanta, sai ya jona bututu ya bar bakin tankin a buɗe, yana ganin ya huta. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ya tsiyaye ya bar mai ƙarfin ya taru ya bushe ya zama tudu a cikin tanki, kuma fasa wannan tudu wahala ce mai ƙazanta. Tsofaffin hannu na barin bakin a rufe har tankin ya kai kashi biyu cikin uku, domin nauyin ruwan ya kwashe komai a lokaci guda. Sai a fara sakin na bayan gida, a bi shi da ruwan wanka mai sabulu ya wanke bututun. Na'urar da ke nuna cikar tanki ma ba a cika yarda da ita ba, don takarda na maƙalewa a kanta ta riƙa nuna ya cika alhali yanzu aka kwashe shi. Ana ware tiyon ruwan sha daban, ba ya haɗa ma'ajiya da na ƙazanta. Zubar da wannan tanki a ƙasa laifi ne, dole sai an nemi wurin da aka tanada, a sansanonin ajiye motoci ko wasu manyan gidajen mai na tireloli, yawanci da ɗan kuɗi. Na tsaya a nan da gangan, domin duk wanda ke ƙyamar wannan aiki ya sani zai riƙa yin sa kusan kowane mako, cikin iska ko ruwan sama.

Wuta iri biyu ce a cikin motar. Akwai ta batir mai bolt 12, wadda ke kunna fitilu da injin tura ruwa da fanka. Akwai kuma irin ta gida mai bolt 120, wadda ake samu in an jona a sansani ko an tayar da janareta. Wurin jonawa a Amurka galibi amp 30 ne ko amp 50. Mai amp 30 yana ba da wat 3,600 kacal. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi tana shan wajen wat 1,500, injin dafa ruwan wanka kusan haka, na'urar ɗumama abinci ma haka. In aka kunna ukun tare, wutar ta ɗauke. Mai amp 50 kuwa layi biyu ne, yana kai wa wat 12,000, shi ya sa bambancinsu ya wuce yadda lambobin ke nunawa.

In babu wurin jonawa, lissafin ya ƙara tsanani. Batir mai amp 100 yana ɗauke da abin da zai kunna wat 1,200 na awa ɗaya. In tsohon yayi ne mai dalma da ruwan batir, rabin wannan kawai ake taɓawa, domin zuƙe shi ƙasa da rabi yana rage masa kwana. Na'urar sanyaya ɗaki za ta shanye wannan rabin kafin a yi rabin awa. Batirin litiyam ya fi shi sauƙin nauyi, ana iya amfani da kusan duk abin da ke ciki, amma yana da tsada, kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarewar ruwa sai in yana da abin ɗumama shi. Sola tana taimakawa ƙwarai, sai dai a lokacin sanyi rana na yin ƙasa-ƙasa, yini kuma gajere ne, farantin da ke kwance a rufi ba ya samun abin da yake samu da bazara. Ga wani rikici da ba shi da mafita mai daɗi: in ka fake a inuwar bishiya don samun sanyi, ka toshe wa sola rana, ka kuma toshe wa farantin Starlink sararin sama da yake buƙata don kawo intanet. In ka fito fili, ka samu wuta da intanet, motar kuma ta zama tanda.

Gas ke riƙe da murhu da hita, a motoci da yawa har da firji. Ana cika tukunyarsa zuwa kashi 80 cikin ɗari ne kawai don a bar masa wurin kumbura in zafi ya tashi. Abin da mutane ba sa zato shi ne gas na haifar da ruwa. Kilo ɗaya in ya ƙone yana sakin tururin da ya haura kilo ɗaya da rabi. A haɗa da numfashin masu barci da tururin girki a ɗakin da bai fi faɗin mita biyu da rabi ba, sai a wayi gari tagogi na zubar da gumi, ƙarƙashin katifa ya jiƙe, fumfuna ta kama bayan kabad. Maganinsa shi ne a bar kafar iska a buɗe ko da ana sanyi, abin da jiki ba ya so. Na'urar gano iskar guba ta hayaƙi da ta gano yoyon gas kuwa ba kayan ƙawa ba ne, domin hayaƙin janareta, ko na maƙwabci ne, yana iya shigowa ta taga cikin dare, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Firjin gas shi ma yana da sharaɗinsa, ba ya son motar ta karkace. In aka bar shi yana aiki a kan gangara, sinadarin da ke zagayawa a bututunsa na toshewa ya lalace. Don haka aikin farko in an isa wuri shi ne a sa katako a ƙarƙashin taya har motar ta daidaita.

Sai batun nauyi, wanda na fi jin tsoronsa a kan duk sauran, domin kuskure a nan yana cin rai. Kowace mota tana da takarda manne a jikinta da ke faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka da kuma abin da ya rage wa kaya. A ɗauki misali tirela da iyakarta kilo 3,500 ce, ita kanta babu komai a ciki kilo 2,800. Saura 700. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, tanki cike ya ci 150 ke nan. A ƙara tukwanen gas, ƙarin batura, janareta, kayan aiki, tufafin zafi da na sanyi, abinci, kwanuka. Mai zuwa hutun mako ɗaya ba zai kusanci iyakar ba, amma wanda ya kwaso rayuwarsa gaba ɗaya yakan wuce ta bai sani ba. Motar da ke jan tirelar ita ma tana da tata iyakar, kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela yana sauka ne a kan bayanta, a ƙara da direba da fasinjoji. Dillali zai faɗa maka nauyin da motar ke iya ja, ba lallai ya faɗi wanda take iya ɗauka a gadon bayanta ba, kuma wannan na biyun ne ke fara cika. Hanyar sani ɗaya ce, a hau sikelin auna manyan motoci da ke gidajen mai na tireloli, da tanki cike da kowa a ciki. Motar da ta yi nauyi fiye da kima birkinta na ɗaukar zafi a gangaren dutse, tayarta na fashewa. Taya kuma a irin waɗannan motoci tsufa ke kashe ta kafin zanenta ya goge. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Bayan shekara biyar zuwa bakwai akan canza ta ko da tana sheƙi kamar sabuwa. A Turai iyakar ta zo ta wata ƙofa: lasin tuƙi na yau da kullum yana tsayawa a kilo 3,500, wanda ya wuce nan sai ya nemi wani lasin.

Wani abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye shi ne yawancin waɗannan motoci don hutu aka ƙera su. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake yin su, da siraran katako da roba da alminiyam, domin su yi sauƙin ja. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane neman hanyar tafiya ba tare da cuɗanya ba, masana'antun sun fitar da wajen 600,000 a shekara ɗaya. Kayan da aka yi don makonni kaɗan a shekara, in aka sa su aiki kullum, kuma ana jijjiga su a kan hanya, kusoshi na kwancewa, mahaɗar bututu na saki. Takardun garanti na kamfanoni da dama ma sun cire mai zaman dindindin daga ciki. Babban abokin gaba shi ne yoyon rufi. Duk inda aka huda rufin don a sa taga ko na'urar sanyi, an liƙe shi ne da danƙo, rana kuma na busar da danƙon ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan kuma ba ya nuna kansa sai ya riga ya ruɓar da katakon ciki. Mai hankali yakan hau rufi duk bayan 'yan watanni ya duba. In gyara ya fi ƙarfinsa aka kai motar gareji, to gidansa ne aka kai, da gadonsa da tukunyarsa, kuma jiran kayan gyara na iya ɗaukar makonni. Saboda haka ne makanikai masu zuwa har inda motar take suke da kasuwa, kuma saboda haka ne kuɗin otal na gaggawa ya kamata ya shiga ajiyar kowa.

Hukuma ba ta da gurbin rubuta mutumin da ba shi da wuri. Lasin tuƙi, rajistar mota, inshora, haraji, ƙuri'a, asusun banki, duk suna neman adireshi a jiha ɗaya. Don haka mazaunin mota yakan zaɓi jihar da zai kira tasa a shari'ance, kuma uku ne suka yi suna: Dakota ta Kudu, Texas da Florida. Dukkansu ba sa karɓar harajin jiha a kan abin da mutum ke samu, kuma suna karɓar adireshin kamfanonin da ke tara wa mutum wasiƙu su tura masa inda yake. Dakota ta Kudu ta shahara da cewa rasidin kwana ɗaya a sansani ko otal yana cikin abin da ake nunawa a samu lasin. A garin Livingston na Texas akwai ƙungiyar mazauna mota mai suna Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, dubban mutane na amfani da adireshinta alhali suna warwatse a faɗin ƙasar. Sai dai zaɓen jiha ba a kan haraji kaɗai ake yin sa ba. Texas na neman lasin tuƙi na musamman in motar ta haura fam 26,000, wato kusan tan 12. Wasu bankuna na ƙin adireshin akwatin wasiƙa, su nemi na gidan zama. Mafi nauyi shi ne inshorar lafiya. Wanda ya kai shekara 65 yana shiga tsarin Medicare na gwamnatin tarayya, wanda asalinsa ke aiki a kowace jiha. Wanda bai kai ba kuwa, sau da yawa inshorar da zai saya ta likitocin jiharsa ce, in ba gaggawa ba. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke buƙatar ganin likita a kai a kai, tafiyarsa ta shekara za ta riƙa zagayowa ne kan ranar asibiti.

Wurin kwana shi ma yana da dokokinsa. Sansanonin 'yan kasuwa na da ruwa da wuta da ramin ƙazanta, kuma kuɗin wata ya fi na kwana-kwana sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai mai zaman wata yakan biya wuta daban. Wasunsu ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma sai sun ga hotonta. Sansanonin gandun shaƙatawa na gwamnati ana kama wuri a yawancinsu tun wata shida kafin lokaci, kuma tsofaffin wuraren ba su ɗaukar doguwar mota. Wasu shagunan Walmart na barin a kwana ɗaya a filinsu, wasu kuma dokar gari ta hana, sai an tambayi manaja. Babban rufin asirin masu ƙaramin ƙarfi shi ne filayen gwamnatin tarayya da ke yammacin ƙasar, inda BLM, hukumar kula da filayen gwamnati, ke riƙe da eka kusan miliyan 245. A mafi yawansu ana zama kyauta kwana 14, daga nan sai a matsa nesa, a wurare da yawa mil 25. Babu famfo, babu wuta, babu mai kwashe shara. A nan ne lissafin lita da batir da na fara da shi yake zama gaskiyar yau da gobe.

Masu cewa zaman mota ya fi haya araha suna da gaskiya a wani hali kawai. Babbar mota mai girman bas na iya shan lita 30 a kilomita 100. Darajarta na faɗuwa kowace shekara, bashin sayenta kuma ana shimfiɗa shi har shekara 15 ko 20, sai mutum ya tarar abin da ake binsa ya fi kuɗin motar. Wanda ke tashi duk kwana biyu yana biyan mai da farashin kwana-kwana, ga gajiya, domin ranar tafiya ba a yin wani aiki banda naɗe kaya da tuƙi da warware kaya. Wanda ke zama wata guda a wuri shi ke ganin sauƙi. Wasu na rage kuɗin ta hanyar yi wa sansani aiki a ba su wuri kyauta, wasu na zuwa girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa da Minnesota a watan Oktoba, aiki mai tsawon awa cikin sanyi.

Kuma ba kowa ne ya zaɓi wannan rayuwa ba. Kusa da mai ritaya da ya sayar da gida ya sayi mota ta alfarma, akwai tsohuwar da kuɗin fanshonta ya kasa biyan haya ta koma cikin tsohuwar bas. Dokar kwana 14 da ta shekara goma da ta adireshi duk sun fi danne ta. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon cewa birane na iya hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Abin yana damuna, domin wadda ba ta da kuɗin man da za ta kai filin gwamnati a yamma, titin gari kaɗai ya rage mata, kuma in aka ja motarta aka kulle, an tafi da gidanta ne da duk abin da ta mallaka.

Abin da ke haɗa mai kuɗi da marar shi shi ne yanayi. Bangon motar siriri ne, ruwa in ya daskare yana kumbura ya fasa bututu, zafi kuma in ya yi tsanani na'urar sanyi ba ta iya masa. Don haka suke bin yanayi da taya. Ba dole sai an yi tafiya mai nisa ba, hawa ma yana wadatarwa, domin kowace mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6. Kusa da Quartzsite akwai filin La Posa, inda hukuma ke sayar da izinin zaman dogon lokaci daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da wurin ɗiban ruwa da na zubar da tanki. Kafin wa'adin ya cika hamadar ta fara ɗumi, nan da 'yan makonni kuma zafi zai haura digiri 40. Sai a ga ana naɗe rumfuna, ana layi a ramin ƙazanta, ana gwada iskar taya, ana kama hanyar garin Flagstaff da ke arewacin Arizona, mai tsayin mita 2,100 a cikin dajin bishiyoyin fir da fain, inda dokar kwana 14 ke jiransu.